Ranar da Aka Ƙaddamar da Waifai ɗin Gidana

Na dawo daga layin mai da rana tsaka, galan a hannu babu ko ɗigo a ciki, sai na tarar da mutum biyu suna buga ƙusa a katangar gidana. Na ukunsu yana tsaye a inuwa, jaka a hammata, yana ce musu su ɗan ɗaga ɓangaren hagu. Na tsaya na dubi ƙofar da kyau, domin wanda rana ta dafa a layin mai yana iya ɓata gidansa. Gidana ne. Ga takalman matata ma a bakin ƙofa.

Na yi sallama. Mai jakar ya amsa bai ko dube ni ba, ya ce, "Baba, ɗan matsa, kana tare musu haske."

Na matsa. Ni wane ne da zan tare wa hukuma haske a ƙofar gidana?

Da suka gama sai na ga abin da suka kafa. Allon ƙarfe ne sabo fil, yana sheƙi, an rubuta masa: "Wurin Samun Intanet Kyauta ga Jama'a. Wannan aiki ya samu ne saboda hangen nesan Mai Girma." A ƙasa ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga kuma hotonsa yana murmushi. Ba zan kira sunan ba, ina da iyali. Mu dai a layinmu Mai Girma Uban Almakashi muke ce masa, saboda tunda muke ba mu taɓa ganinsa da wani kayan aiki a hannu ba sai almakashin yanke ƙyallen buɗe ayyuka.

Na ce, "Yallaɓai, wane intanet ke nan?"

Ya fito da wayarsa ya nuna mini. Ya ce, "Ga shi nan, sanda huɗu cif. Ba lambar sirri, ba komai. Kowa ya zo ya shiga."

Na ce, "Ai nawa ne. Akwatinsa yana kan kabad a falona. Ni nake sabunta shi duk wata."

Ya ce, "To madalla. Ka ci gaba, Baba, hukuma tana yaba maka."

Bari in koma baya kaɗan, mai karatu, don ka san yadda aka yi har waifai ɗin talaka ya zama aikin raya ƙasa.

Autata ce sila. Lokacin da take karatun gwajin jini da sauran gwaje-gwajen asibiti, kullum sai ta tafi neman inda sabis yake da ƙarfi don ta sauke darasi. Na ga wahalar ta yi yawa, na ƙuƙuta na sa mana akwatin intanet a gida. Ranar da aka haɗa, Auta ta sa masa wata lambar sirri mai tsawon igiyar shanya. Kafin mako ya zagayo, mai askin da shagonsa ke kallon gidana ya zo ya durƙusa ya gaishe ni irin gaisuwar da bai taɓa yi mini ba, ya ce a taimaka masa da lambar. Na ba shi. Washegari ya dawo, wai ya manta ko harafin tsakiya babba ne ko ƙarami. Bayansa mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu ta aiko. Bayanta bakanike. Na wayi gari ba ni da aiki sai karanta wa mutane lamba ta taga kamar mai kiran sunaye a asibiti. Ranar da na gaji na ce wa Auta ta cire lambar gaba ɗaya. Ta ce, "Baba, za su cinye mana shi." Na ce su cinye, maƙwabta ne, muddin ina raye ba za a sake kulle wannan abu ba. Da bakina na faɗa, kuma a gaban mai aski, wanda abin da ya ji da safe kafin azahar kowa ya ji shi.

Tun daga nan layinmu ya canza. Masu jiran aski suna kallon ƙwallo. Mai ɗinki tana duba sabbin yayi, ta ɗinka wa mata abin da ko a mafarki ba su gani ba. Bakanike yana kwance a ƙarƙashin mota da waya a ƙirji, wani bature yana nuna masa inda zai kwance. Tsohon mai gadin makarantar da ke ƙarshen layi yakan zo ya jingina da katangata ya saurari muryar ɗansa da ke aiki a wata ƙasa, ya sake saurara, sannan ya share ido ya koma bakin aikinsa. Wannan kaɗai ya ishe ni lada.

Amma fa abin yana da nauyin da zai iya ɗauka. Idan mutane suka yi yawa sai ya riƙa jan ƙafa, hoto ya tsaya, magana ta yanke. Maman Auta ce ta samo maganin wannan. Tana da wani jan tawul, tsoho, wanda ya daina aikin tawul tuntuni. Ta sanar da layi cewa duk lokacin da aka ga jan tawul a kan katangarmu, to masu gida suna da buƙata, kowa ya sauka daga intanet sai an ɗauke shi. Kuma wallahi ban taɓa ganin dokar da aka bi kamar wannan ba. Ba ɗan sanda, ba tara, ba kwamiti. Da tawul ya hau katanga za ka ga mai aski ya karɓe wayar wanda yake yi wa aski ya kife ta a kan benci, ko da ana shirin buga fenariti.

To a kan wannan katangar aka kafa allon Mai Girma.

Na tambayi Mai Jaka yadda aka yi suka san da mu. Ya ji daɗin tambayar, har ya sauya wa jakar hammata. Ya ce aiki ne na ilimi. Sukan shiga mota, direba ya riƙa tafiya a hankali, shi kuma ya miƙa wayarsa ta taga. Duk inda wayar ta kama waifai marar lamba, sai a tsaya a kafa allo. Ya ce, "Mu aikinmu ganowa ne, Baba. Da ba mu zo ba, wa zai san akwai intanet a nan?"

Na dubi mai aski da abokan cinikinsa, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Na ce gaskiya ne, ba wanda zai sani.

Kada wani ya ce ina ƙorafi. Ni yabo na zo yi. Shekara da shekaru muna kukan ana kashe dukiyar jama'a a kan ayyukan da ba sa aiki. An yi mana fitilun titi da suka haska daren da aka buɗe su kawai. An yi mana famfo wanda ruwansa ya bi motar da ta kawo shi. Yau ga shi Allah ya kawo mu zamanin da aka samu aikin da yake aiki tun kafin a kawo shi. Na ji an ce sai da wata tawaga ta tafi ƙasashen waje, ta kwana a manyan otal-otal, ta yi nazarin yadda mutanen can suke raba intanet ɗin gidajensu da masu wucewa. Can, in ji waɗanda suka sani, ana tambayar mai gida tukuna, a raba masa layinsa daban da na jama'a don kada a takura shi. Namu masu hangen nesan suka ga wannan duk ɓata lokaci ne, suka ɗauko ɓangaren da ya fi muhimmanci, wato allon.

Da a nan abin ya tsaya, da na bar musu katangar su yi ta ado. Sai Mai Jaka ya ce, yana shirin shiga mota, "Af, na manta. Ranar Talata da hantsi Mai Girma zai zo ya ƙaddamar. A share ƙofar gida."

Ranar Talata da hantsi kuwa Auta take da ganawar neman aiki.

Yarinyar nan ta gama karatu da sakamako mai kyau, ta dawo gida ta zauna. Ta nemi aiki, ta nema, har ta daina gaya mana idan ta nema, don kada mu riƙa tambaya. Ƙawayenta da suka san wani wanda ya san wani duk sun kama aiki. Ita ubanta ba wanda ya sani sai mai aski. Ina ganinta da safe tana wanke kwanukan da an riga an wanke, don dai hannunta ya samu abin yi, sai in ji kamar in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Wani asibiti ne a can wani gari mai nisa ya kira ta, karo na farko da wani ya kira. Sun ce ta bidiyo za a yi ganawar, kuma sun faɗa mata ƙarara cewa masu nema suna da yawa, wanda layinsa ya yanke za su wuce shi su kira na gaba.

Na bi Mai Jaka har bakin mota na yi masa bayani. Na ce ko za a mayar da bikin yamma, ko Laraba. Ya yi dariya irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce, "Baba, Mai Girma ba ya sauya lokaci."

Maman Auta da na gaya mata sai ta ce in kwantar da hankalina. Ta ce, "Baban Auta, yaushe ka taɓa jin babban mutum ya zo taro a kan lokaci? In sun ce hantsi, sai la'asar. Kafin su iso yarinya ta gama, har ta yi barci ta tashi." Na ga maganarta da hujja. Duk tarihin ƙasar nan yana bayanta.

Mai karatu, ranar Talata Mai Girma ya zo a kan lokaci. Ashe waifai ɗin mutane da yawa ne zai ƙaddamar a ranar, kuma mu ne na farko.

Tun da sassafe Maman Auta ta shanya jan tawul a katanga, layi ya yi tsit. Mai ɗinki ta leƙo ta ce wa Auta Allah ya ba da sa'a. Bakanike ya ce yau ko guduma ba zai ɗaga ba sai an gama. Auta ta goge farar rigarta, ta jawo teburin cin abinci kusa da kabad, ta ɗora kwamfutarta a kan littattafai don fuskarta ta fito daidai, ta sa uwarta ta cire kalandar da ke bayanta. Ta gwada layin, yana gudu kamar ruwa. Sai muka ji jiniya.

Kafin ka ce me, an kafa rumfa a ƙofar gidana, an jera kujeru, an ɗaura ƙyalle daga sandar wuta zuwa bishiya. Motoci suka cika layi, kowace ta zazzage mutanenta: masu riƙe jaka, masu riƙe lema, masu riƙe wayar masu riƙe jaka, masu ɗaukar hoto, da wasu ƙarti da ban gane aikinsu ba sai tafi. Mai Jaka ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce janaretansu ba mai, ko za a taimaka a jona lasifika a cikin gida. Ni da na san inda man yake, wato babu, ban ga laifinsa ba. Maman Auta ce ta karɓi wayar wutar da fara'a, ta zura ta ta tagar kicin ta jona a soket ɗin da take jona dutsen guga. Na yi mamakin saurin yardarta, amma ban tambaya ba.

Kowa a cikin tawagar nan da ya sauko daga mota, abin da ya fara yi shi ne ya shiga intanet ɗin kyauta. Wannan yana tura hoto, wancan yana watsa taron kai tsaye, direbobi suka kwantar da kujeru suka kama kallon fim. Su ba su san tawul ba. Auta ta kira ni daga falo, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Baba, ya fara nauyi."

Ina fitowa in roƙe su, sai na ga Mai Jaka tsaye yana hararar katangata. Ya ce, "Wane ne ya shanya wannan tsumman kusa da hoton Mai Girma?" Kafin in buɗe baki ya fizge tawul ɗin ya cusa a bayan kujera.

Mai aski ya ga abin da ya faru, amma mutanen ƙarshen layi ba su gani ba. Su dai sun hango katanga ba tawul. Suka ce alhamdu lillahi, Auta ta gama, kowa ya zaro wayarsa da yunwar da ya tara tun safe. Ba laifinsu ba ne, doka suka bi.

Na koma falo. Auta tana zaune a gaban kwamfuta, wani ɗan da'ira yana ta juyawa a tsakiyar allon, ba ya gaba ba ya baya. Saura ƙiris a kira ta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai ɗora hannuwanta a kan tebur ta ce, "Shi ke nan, Baba. Wani karon."

Na san babu wani karon da ke jiranta a bakin ƙofa. Na ce, "Auta, sa masa lamba."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ka ce muddin kana raye."

Na ce, "To yau na ɗan mutu zuwa azahar. Sa masa."

Maman Auta ta ce daga kicin, "Ki sa mai tsawo."

Yatsunta suka yi ta rawa a kan kwamfutar. Akwatin da ke kan kabad ya lumshe fitilunsa ya sake buɗewa. Da'irar nan ta ɓace. Ba a jima ba sai ga fuskokin mutum uku sun bayyana, wata mata mai tabarau a tsakiya tana cewa ko tana jin su. Auta ta gyara zama ta ce tana ji sarai. Na ja ƙofar falo a hankali na fita.

A waje an fara. Mai gabatarwa ya kama lasifika yana jero kirarin Mai Girma, muryarsa tana girgiza gilashin tagogina. Ya kai wajen "gwarzon da ya kawo duniya tafin hannun talaka" ke nan sai lasifikar ta yi ɗif. Ya bubbuga ta, ya hura mata iska. Mai Jaka ya ɗaga hannu ya ce, "An ɗauke wuta." Ba wanda ya yi musu, ba wanda ya je dubawa, domin wannan ita ce magana ɗaya da in jami'i ya faɗa kowa yake gaskatawa. Matsalar kawai ita ce injin askin da ke ƙara a tsallaken titi. Mai aski ya dube ni, na dube shi. Ya kashe injin a tsakiyar kan wani bawan Allah, ya ce da ƙarfi, "Kai, wutar nan dai." Mai ɗinki ta kashe fankarta. Bakanike ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Haka layinmu ya ɗauke wa kansa wuta gida bayan gida. Ta tagar kicin na hango Maman Auta tana yanka albasa, filogin lasifikar yana ajiye a gefen faranti.

Aka ci gaba da jawabi da baki, ba mai ji sai na kujerar gaba. Daga nan aka zo babban lokaci. Aka miƙa wa Mai Girma almakashi a kan tire, ya yanke ƙyalle, ƙartin nan suka yi aikinsu. Sai mai gabatarwa ya ce yanzu Mai Girma zai zama mutum na farko da zai shiga wannan intanet mai albarka, a idon duniya. Masu hoto suka matso. Aka miƙa masa waya. Ya danna, ya ɗan jira, ya sake dannawa. Murmushin yana nan, amma ya fara bushewa. Ya juya ya ce wa Mai Jaka, "Yana tambayar lambar sirri."

Mai Jaka ya zo wurina da sauri, gumi yana bin wuyansa. Ya sunkuyo ya raɗa mini, "Baba, lambar."

Ni kuma kunnena, kun san shekaru. Na ce da muryar da ta isa har rumfa, "Na'am, yallaɓai? Wace lamba?"

Ya ce, har yanzu a raɗe, "Ta waifai ɗin. Don Allah."

Na ce, "Ikon Allah. Yallaɓai, ai ku za mu tambaya. Ga shi a allo, Mai Girma ne ya kawo mana. Wanda ya kawo abu ai shi ya san lambarsa. Mu talakawa jira muke a buɗe mu shiga."

Masu hoto suka juyo da kyamarorinsu kanmu. Na ga bakin Mai Jaka yana motsi. Abin da yake so ya ce shi ne akwatin nawa ne, yana falona, ni nake biya. Amma ya faɗa a gaban wa? Ga Mai Girma, ga kyamara, ga allo yana sheƙi. Ya juya wajen mai aski ya ce ko shi ya sani. Mai aski ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko yanzu na fara jin akwai intanet a layin nan. Allah ya saka wa Mai Girma." Mai ɗinki ta ce ita wayarta ma ta kira ce kawai, alhali jiya da ita ta nuna wa matata yayin hannun riga kala-kala.

Aka shiga abin da manya suke kira tuntuɓar juna. Mai Girma ya tambayi darakta, darakta ya tambayi mataimakinsa, mataimaki ya tambayi Mai Jaka, Mai Jaka ya dubi direba. Wani ya ce a gwada sunan Mai Girma, aka gwada, bai yi ba. Aka gwada shi da manyan baƙaƙe. Aka gwada taken hukumar. Don a cike lokaci aka tashi wani mai tumbi ya yi jawabi a kan muhimmancin intanet ga noma, bayansa wani ya yi a kan muhimmancinsa ga mata. Ni ina tsaye jikin ƙofata, rabin kunnena yana waje, rabi yana falo. Ina jiyo muryar Auta sama-sama, tana magana a natse, ba ta tsaya ba, ba ta ce "kuna jina?" ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin daɗin dogon jawabin jami'ai irin na ranar ba. Da mai tumbin ya ce "a taƙaice", har addu'a na yi kada ya taƙaita.

Daga ƙarshe Mai Jaka ya nuna ba a banza yake riƙe jaka ba. Ya zagaya bayan mota, ya kunna rabon intanet na wayarsa, ya sa masa suna irin na allon, ya jefa wayar a aljihu ya dawo ya tsaya daf da Mai Girma. Ya ce an gyara. Mai Girma ya danna, ya shiga. Aka yi tafi, aka yi hoto, ya ɗaga wayar sama kamar kofin ƙwallo. Direbobi da 'yan kallo suka yi caa a kai, na ga Mai Jaka yana dafe aljihu yana yaƙe, ana cinye masa data. Aka naɗe rumfa, aka kwashe kujeru, jiniya ta tashi. Wasu samari da suka zo kallo daga wani layi suka tsaya suna mamaki, wai ga intanet ɗin yana raguwa sanda bayan sanda. Na ce musu su yi haƙuri, ya shiga mota ne, yana da wani taron.

Ƙurar motocinsu ba ta kwanta ba Auta ta buɗe ƙofa. Duk layi ya zuba mata ido, har bawan Allah ɗin nan mai rabin aski. Ta ce, "Bai yanke ba, Baba. Ko sau ɗaya." Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta kifa kai a kafaɗar uwarta. Mai aski ya kunna injinsa, wuta ta dawo wa layi gaba ɗaya. Kafin azahar aka cire lambar, na dawo da raina.

Bayan kwanaki suka kira ta. Ta samu.

Murna kam mun yi ta, har mai gadin makaranta sai da ya taka rawa. Abin da ban lissafa ba, duk tsawon wannan faɗa da na yi da almakashi da lasifika, shi ne aikin a wani gari yake. Na tsaya tsayin daka na kori manyan mutane daga intanet ɗina don a ɗauke mini 'yata. Muka raka ta tasha da akwatinta. Muka dawo gida, ni da uwarta, muka zauna a falo, ba mai wanke kwanukan da an riga an wanke. Ba na jin kunyar faɗa, gidan ya yi mini faɗi, kuma kewarta tana damuna fiye da yadda na zata.

Allon yana nan. Har ma ya samu baƙo na kullum. Wata yamma na ga mota ta tsaya a jikin katangata, na leƙa, sai ga Mai Jaka da kwamfuta a cinya. Ya gaishe ni da ladabi, har da tambayar iyali. Ashe an yanke intanet ɗin ofishinsu, wai ba a sabunta ba, kuma ana jiran rahotonsa a kan nasarar shirin intanet kyauta. Na ce ya yi aikinsa, ai don jama'a aka kawo.

Jiya yana nan zaune sai Auta ta kira ta bidiyo, karo na farko da kayan aikinta a jiki, farar riga har gwiwa, katin aiki a wuya. Maman Auta ta riƙe wayar da hannu biyu kamar za ta zube. Matar da ta kashe wa Mai Girma lasifika ba ta ko ƙifta ido ba, sai ga shi ta rasa abin cewa, sai "Kin ci abinci?" take ta maimaitawa. Na ga idan na tsaya zan ba da kaina, na fito waje shan iska.

Mai Jaka ya sauke gilashi, fuska a ɗaure. Ya ce, "Baba, yau intanet ɗin namu yana da nauyi. Rahotona ya ƙi tafiya. Wa yake amfani da shi a ciki?"

Na ce, "Yi haƙuri, yallaɓai. Wata talaka ce take kallon 'yarta. Yanzu za ta gama ta ba hukuma wuri."

Ya ce to a hanzarta, ya ɗaga gilashinsa. Ban ga amfanin gaya masa cewa ko gaisuwa ba su gama ba.